Tenun yara ƙanana: kullum za a wanke ko sau biyu a sati?

Tunda aka yi rantire, wato komawa makaranta, a watan Satumba nake jin wannan gardamar a bakin iyaye mata nan Garwa, a gidan suna, a layin ɗibar ruwa, har a WhatsApp. Wata ta ce ita kam ɗanta ba zai maimaita tenu, wato kayan makaranta, ba ko sau ɗaya, kullum sai ta wanke, wata kuma ta ce haba dai, da wane ruwan da wane sabulun, ita ranar Asabar kawai take wanki shikenan. Ni dai a ganina duka biyun akwai gyara. Mai wankin kullum kafin a kai hutun Disamba rigar ta koɗe, wuya ya saki, maɓalli ya zube, sai an sake komawa wajen tela alhali kuɗin rantire ma ba a gama farfaɗowa daga shi ba. Mai jiran Asabar kuma yaronta yana zuwa aji ranar Alhamis da rigar da ta sha zufar kwana uku, ga ƙuraje sun feso masa a wuya da gadon baya, ana ta sayen magani ana shafawa ba a gane daga rigar abin yake tasowa ba.

Abin da nake so mu fara ganewa 'yan uwa shi ne tenu ba abu guda ba ne. Akwai riga, akwai wando ko siket, akwai singileti da kamfai da safa, 'yan mata ga hijabi ko ɗankwali, sannan ga kayan wasanni a makarantun da suke sa a saya. Kowanne da lissafinsa, kuma abin da ya fi manne wa fatar yaro shi ya fi buƙatar ruwa.

Kamfai da safa da singileti babu wata magana a kansu, sawa ɗaya wanki ɗaya ne, ko da rani ko da damina ko da hunturu. Su ne suke shan zufa kai tsaye, kuma yaro ƙarami bai gama iya tsarki da kyau ba, ko ya ce miki ya yi to akwai saura. Alhamdu lillahi su ba sa cin ruwa, kofi biyu uku ya ishe su, kuma ba su da tsadar da za a ce ba za a iya sayen guda huɗu ko biyar ba a kasuwa. Singiletin nan kuma kar ki raina shi, shi ne yake tare wa rigar sama rabin dattin da za ta ɗauka, yaron da yake sa singileti rigarsa tana iya yin kwana biyu lafiya lau, wanda ba ya sawa kuwa da wuya ta wuce yini ɗaya. Hijabin 'yan mata shi ma ina sa shi kusa da wannan sahun, saboda man kitso da zufar kai da kuma yadda suke goge baki da hanci da bakinsa, in fari ne kullum, in mai duhu ne kwana biyu ya isa.

Riga ita ce ta fi rikita mutane, toh a nan sai ki duba shekarun yaron. 'Yan matarnel da 'yan SIL da CP, wato daga shekara 4 zuwa 7 haka, gaskiya ki sa a ranki kusan kullum ne. Waɗannan a ƙasa suke zama, da gaban riga suke goge allo, da hannun riga suke share majina, in an fita rekre, wato hutun tara, aka sayi makala (fanke) ko ƙosai to a ƙirji za a goge man, in an sha folere, wato zoɓo, rabinsa a baki rabinsa a riga. Ba rashin tarbiyya ba ne, shekarun ne, kuma duka ba ya gyara shi. Daga CE1 zuwa CM2, wato aji uku zuwa shida na firamare, yaro ya fara sanin ciwon kayansa, riga ɗaya tana iya yi masa kwana biyu in dai ba lokacin zafi ba ne kuma bai buga ƙwallo da ita ba. Amma kwana uku a riga ɗaya ni kam ban yarda da shi ba ko ga babba, ko da ido bai ga datti ba hanci zai ji shi.

Wando da siket sun fi haƙuri, musamman irin kakin nan mai kauri ko shuɗi mai duhu. Sau biyu a sati ya wadatar, kuma ranakun da suka fi dacewa su ne Laraba da Asabar. Dalilin Larabar kuwa, a makarantu da yawa a nan Kamaru ana tashi da wuri ranar Laraba, yara suna gida tun wajen azahar, in kika jiƙa kayan da sun shigo kafin la'asar kin shanya, kafin magariba sun bushe, da safe a goge a sa. Na Asabar kuma shi ne babban wanki da za a haɗa har jaka da takalmi. Kar ki bar wankin ƙarshen sati ya kai daren Lahadi don Allah, nan ne ake samun yaro ya tafi makaranta ranar Litinin da wando mai danshi a ƙugu.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan lissafin muhimmanci a wajena, kuma shi ne ba ya cin ko dala: yaro ya cire tenu da ya shigo gida. Kafin abinci, kafin shan ruwa ma in da hali. Yawancin dattin da muke wahala a kansa ba a aji aka kwaso shi ba, a gida ne, an dawo an zauna an ci tuwo da miyar kuka da tenu a jiki, an fita wasan ƙasa da shi, an wuce makarantar allo ko Islamiyya da shi har magariba, rigar da ya kamata ta yi awa shida ko bakwai a jiki sai ta yi awa goma sha biyu. Ki buga ƙusa biyu a bango daidai tsawon yaron ko ki ɗaura masa 'yar igiya tasa, ya saba da ya shigo sallama sai cire kaya. Sai a kakkaɓe ƙurar, a juya rigar baibai, a rataye inda iska take wucewa. Ban da cusawa a jaka, ban da dunƙulewa a jefa ƙarƙashin gado, don zufar da aka dunƙule ita ce take zama warin nan mai tsami da ko an wanke ba ya fita da sauƙi.

Da yamma kuma ki ɗauki rigar ki duba da kanki, ba ya ɗaukar minti ɗaya. Ki duba cikin wuya, ki shinshina hammata, ki duba gaban wando da mazaunai, ki laluba aljihu don yara suna ajiye ragowar gyaɗa da alewa da guntun alli, tururuwa kuma ba ta da wasa. In wuya ya yi baƙi ko akwai wari to a wanke ko da jiya aka wanke ta. In tabo ɗaya ne kawai a gaba, wanke wurin kaɗai da ɗan sabulu ya isa, ba sai an tsoma rigar gaba ɗaya ba. Wannan wankin tabo shi yake sa tenu ya kai ƙarshen shekara da launinsa.

Sai maganar lokaci, don shekararmu ba iri ɗaya ba ce. Daga Maris zuwa Mayu a Garwa da Marwa da Kuseri har tsallake Injamena zafi yana wuce digiri 40, yara suna cushe a aji ƙarƙashin kwano, wani ajin ko fanka babu, kafin ƙarfe goma rigar ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa, za ki ga farin zanen gishiri a bayanta. A wannan lokacin manta da maganar kwana biyu, riga kullum ce ga ƙarami da babba. Amma fa ba wankin cuɗa da burushi ba, tunda zufa ce kawai ɗan sabulu kaɗan da ɗauraya mai kyau ya isa, kuma cikin awa ɗaya ta bushe ƙarau. Gishirin zufar nan in ya kwana a yadi yana sa shi tauri, ya riƙa gogar fatar yaro, daga nan ƙurajen zafi suke ƙaruwa.

Hunturu kuma, Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ce matsalar ba zufa ba. Ƙura busasshiya yawancinta kakkaɓewa take so, shi ya sa a wannan lokacin za ki iya sassauta wa wanki kaɗan. Sai dai inda ƙurar ta haɗu da mai, don muna shafe yara da basilin ko man kaɗanya saboda kaushi da fashewar leɓe, toh wuyan riga da bakin hannu nan suke yin baƙi ƙirin. Dabarar ita ce a shafa man tun da wuri a bar shi ya ɗan shiga jiki kafin a sa kaya, kuma a sa singileti. Rigar sanyi sau ɗaya a sati ta isa tunda ba ta taɓa fata, sai dai in yaron yana mura yana goge hanci da ita. Haɓo ma yana yawa a wannan lokacin saboda bushewar iska, in jini ya zuba a riga ruwan sanyi za ki sa nan take, ruwan zafi dafa jinin yake yi ya kama yadin.

Damina tana kama mu ne a farkon shekarar karatu da ƙarshenta, amma 'yan uwanmu na Ngaundere su tasu ta fi tsawo sosai, ga sanyi da hazo na kan tudu, wanki yana iya yini a igiya bai bushe ba. A nan matsalar ba wankin ba ce, bushewar ce. Kar a sa wa yaro kaya mai danshi ana cewa jikinsa zai busar, kuma kar a shanya a ƙasa ko kan yashi. Akwai wani ƙuda da yake yin ƙwai a ƙasa mai fitsari da kuma jikin kaya masu danshi, in yaro ya sa sai tsutsar ta shige fata ta kumbura kamar maruru, mai ƙaiƙayi da ciwo. Maganinsa shanya a igiya a rana da kuma guga mai zafi ciki da waje, har kamfai da singileti, musamman wajen ɗinki da ƙugu. Da damina guga ba ado ba ce, ko da dutsen gawayi ne a yi ta.

Akwai kuma abubuwan da in sun faru duk wani lissafin kwana ya rushe. Fitsari, zawo, amai, jini, waɗannan ba sa jiran Laraba. Yaron matarnel zai iya jin kunyar gaya wa metires, wato malamarsu, yana jin fitsari har ya kuɓuce masa, ya bushe a jikinsa kafin a tashi, ya dawo bai faɗa ba, shi ya sa na ce ki riƙa shinshinawa, kuma in kin gane kar ki kunyata shi gaban 'yan uwansa. Ki fara zuba ruwa a wurin najasar ta fita tukuna kafin ki sa a cikin baho da sauran kaya, in ba haka ba kin raba wa kowa. In zawo ne mai yawa, ballantana lokacin da ake jin labarin kwalara kamar yadda takan ɓulla a yankin Arewa Mai Nisa da damina, a kai yaron asibiti da gaggawa, kayan kuma a ware su, a jiƙa a ruwan jabel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, a zubar da ruwan wankin a masai ba a tsakar gida ba, ke ma ki wanke hannu da sabulu. Jabel yana cin launi, a irin wannan ranar launin ba shi ne abin dubawa ba, amma a wankin yau da kullum ki bar shi ga fararen kaya kawai. Kuma ina roƙonmu da Allah mu daina zuba jabel a gorar lemo ko ta ruwa muna ajiyewa a ƙasa, yaro mai ƙishi ba ya tsayawa tambaya.

Ƙazwa da makero da kwarkwata su ma a makaranta ake kwaso su, benci ɗaya yara huɗu biyar. In yaro yana susa da dare, tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu, a je a duba shi a ba da magani, kuma yawanci duk gidan ake yi wa lokaci guda. Kayansa da zanin gado a wanke da ruwan zafi sosai, a shanya a rana, a goge. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle a leda a ajiye kwana 3 ko fiye, don ƙwaron ƙazwa ba ya daɗewa in ba ya jikin mutum. Mai makero kuma a ware masa hula da tawul da mataji, 'yan mata su daina musayar hijabi da ƙawaye. Wanki shi kaɗai ba ya warkar da waɗannan, amma in an sha magani an mayar da tsohon kaya ba a wanke ba, abin dawowa yake yi.

Na san wata za ta ce duk wannan daɗin baki ne, mu da famfo yake ɗaukewa kwana da kwanaki muna sayen bidon wajen masu kura. Na sani wallahi. Amma tenun yara biyu ko uku ba ya cinye bidon ɗaya na lita 20 in an bi shi da tsari. Ki fara da fararen kaya da hijabi, sai riguna, sai wanduna, safa a ƙarshe, duk a ruwan sabulu ɗaya. Ki jiƙa su kamar minti 20 kafin ki fara, jiƙon yana yin rabin aikin, ba sai kin yi ta dirza da burushi har zaren ya tashi ba. Wuya da hammata ki goga musu sabulun bulo kai tsaye ki cuɗa da hannu. Omo kuma kaɗan, mutane suna ganin yawan kumfa shi ne tsabta, alhali yawan kumfa yawan ruwan ɗauraya yake ci, kuma sabulun da ya rage a yadi in zufa ta taɓa shi ƙaiƙayi yake sa yaro, sai a ɗauka wata cuta ce. Gara ki rage a sabulu ki ƙara a ɗauraya. Ruwan ɗaurayar ƙarshe ki ajiye shi ki jiƙa wankin gobe ko ki wanke takalma, na sabulun kuma a wanke bayi da shi. Masu kai wanki bakin kogin Binuwai ko mayo, wato rafi, kuma, ku bar ƙananan yara a gida ko a tudu, ruwan da yake kwance a gefen nan akwai tsargiya a cikinsa.

Wajen shanya, ranarmu tana da ƙarfi, tana busarwa da sauri kuma tana cin launi da sauri. Mai launi a juya shi baibai, da ya bushe a kwashe, kar a bar shi tun safe har yamma yana gasuwa. Fari kuwa rana gyara shi take yi, in kin ga ya fara ja ki ɗan sa bula a ruwan ƙarshe.

Tabo kuma da zafi-zafi ake binsa. Man makala ko na miya, ki goga alli ko hoda a wurin ya tsotse man, bayan ɗan lokaci ki kakkaɓe ki sa sabulu. Tawadar biro tana jin alkol, wato sifirit, ɗin da ake sayarwa a famasi, a sa tsumma a ƙasa a riƙa dannawa da auduga, ban da gogawa don faɗi take yi. Folere da mangwaro ruwa nan take, in sun kwana sun zauna. Kuma kowane irin tabo ne kar ki ɗora masa dutsen guga sai ya fita, zafi yana kafa shi har abada.

Irin yadin ma yana canza lissafin. Auduga zalla tana shan zufa, yaro ya fi jin daɗinta da zafi, amma tana yamutsewa, tana jimawa kafin ta bushe, kuma tana tsukewa a wankin farko, don haka in ke za ki kai wa tela yadin ki wanke shi tukuna kafin a yanka. Targal kuma, wato yadin roba, yana bushewa nan da nan, ba ya son guga sosai, sai dai yana riƙe warin zufa, ga shi dutsen gawayi in ya yi zafi da yawa narkar da shi yake yi, sai a ɗora wani ƙyalle a sama kafin a goga. Ki ce wa tela ya bar lanƙwasa mai faɗi a ƙafar wando da bakin siket saboda tsawon da yaro zai ƙara, ya kuma ninka ɗinkin maɓalli da aljihu.

Nawa za a ɗinka? In hali ya yi, riga uku wando biyu, da wannan wankin Laraba da Asabar zai riƙe satin ba tare da tashin hankali ba, sai dai 'yan ƙanana da lokacin zafi da za a ƙara ɗaurayar yamma. In kuɗin bai kai ba to riga biyu wando ɗaya ya fi a ce komai ɗaya-ɗaya, don rigar ce take baƙi da wuri. A nan ina kira ga iyaye maza, Alhaji, Malam, riga ta biyun nan ba almubazzaranci ba ce, guda biyu da ake hutar da su sun fi guda ɗaya da ake wanke ta kullum daɗewa, kuma sabulun wanki yana cikin kuɗin makaranta kamar littafi da biro, a daina barin uwa tana cirewa daga kuɗin cefane.

Wadda kuma take da tenu ɗaya tak, babu abin kunya a ciki, gidaje da yawa haka suke. Ki wanke da yaron ya dawo ba da dare ba, ki matse sosai, ki shimfiɗa a kan busasshen tawul ko tsohon zani ki naɗe ki murɗa, zai tsotse ruwan da ya rage, sai ki rataye inda iska take. Da asuba in da sauran danshi a wuya da ƙugu guga za ta ƙarasa. Ranar da kika ga hadari ya haɗu kuma ki yi wankin tabo kawai ki bar babban wankin sai gari ya washe.

Yaran da suka kai CM1 da CM2 su fara wanke safarsu da kamfansu da kansu, maza da mata duka, kar a tara wa yaya mace ita kaɗai wankin ƙannenta biyar alhali ita ma tana da karatun da za ta yi. Ki tsaya a kansu makon farko don su iya ɗauraya, nan ne suka fi yin ha'inci. Sannan ki rubuta sunan yaro a cikin wuyan riga da rigar sanyi da alƙalamin da ba ya goguwa, ko ki ɗinka da zare, don ranar wasanni ana cire kaya a tara wuri guda kuma duk iri ɗaya ne. In makarantarsu tana fita difile, wato fareti, ranar 11 ga Fabrairu ko 20 ga Mayu, ki wanke ki goge kwana biyu kafin ranar ki rataye, ranar jajibiri ya tafi da ɗayar rigar.